Na Biya Kuɗin Gudun 20, Awo Ya Nuna Min 90: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gudun Intanet da Ya Wuce Zato

Aikina haɗa intanet ne a gidaje da shaguna, daga Agege zuwa Ikeja, wani lokaci har Alaba Rago da Mile 12. Yawancin kiran da nake samu na kuka ne, wai intanet ya yi nauyi. Amma 'yan shekarun nan wata tambaya daban ta fara yawa. Mutum zai turo min hoton fuskar wayarsa ta WhatsApp, allurar awo ta haura can sama, ya ce, "Malam, duba min wannan, anya lafiya?" Wani murna yake yi, banza ta faɗi. Wani kuma tsoro yake ji kada a zo masa da lissafi a ƙarshen wata. Na tara tambayoyin da aka fi yi min, kusan yadda masu su suka furta su.

Malam, gudun 20 na saya, amma kullum awo 22 ko 23 yake nunawa. Kuskure suka yi?

Ba kuskure ba ne, da gangan ne. Duk saƙon da ya bi layi yana ɗauke da ƙarin bayanai na adireshi da tantancewa, kamar yadda nauyin buhu yake shiga cikin awon masara. Idan kamfani ya tsayar da layinka a kan 20 Mbps cif (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet), abin da zai iso hannunka ba zai cika 20 ba, kai kuma ka kira su kana faɗa. Saboda haka kamfanoni da yawa sukan ɗan yi gyara, su saki layin sama kaɗan da abin da suka rubuta. Mudu ne aka cika aka yi masa tozo. Ka ci abinka.

To nawa ba 23 ba ne. Har 90 na gani, wata rana ma ya wuce 200.

A nan tambayata ta farko kullum ita ce: ka tabbata layin gidan ka auna?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Agege ya taɓa kirana da murnarsa, wai kamfani ya ƙara masa gudu ninki goma ba tare da ya nema ba. Na je bayan la'asar. Rautar, wato na'urar da take raba waifai, tana can ƙuryar shago, a kan kanta ta sama, an jera mata bandiran yadi gaba da baya har fitilunta ba a gani. Shi kuma Alhaji a bakin ƙofa yake zama kan benci, inda iska take. Na karɓi wayar na duba saman fuskarta. Alamar waifai tana nan, amma sanda ɗaya tak, a gefenta kuma an rubuta 5G. Na kashe datar waya, na sake awo a gabansa: 19. Na kunna, allura ta sake tashi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa datata ba ta kai mako biyu."

Wayoyin yanzu suna da wani saiti da ke sa su koma kan datar layin waya da kansu idan waifai ya yi rauni, ba tare da sun gaya maka ba. A iPhone da Android duka akwai shi, sunan ne ya bambanta. Da can ba a lura da wannan sosai, domin datar waya ba ta fi layin gida gudu ba. Tun da MTN ya fara 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, labari ya sauya. A unguwar da take kusa da ƙarfen sabis mai 5G, ɗaruruwan Mbps ba abin mamaki ba ne. Ko 4G ma, idan waya tana haɗa zangon sigina biyu ko uku a lokaci guda, wanda ake nunawa da 4G+, takan yi gudun da zai kunyata ƙaramin layin gida.

Idan ka kashe datar waya kuma lambar ba ta sauka ba, sai a duba sauran dalilai. Kamfani yakan ɗaga gudun tsarin da kake kai saboda gasa, saƙon sanarwar kuma ya ɓace cikin tarin saƙonnin talla. Wani lokaci garaɓasa ce ta sabon shiga. Wani lokaci kuma sabon haɗi ne da ba a riga an ɗora masa iyaka ba, sai ka yi kwanaki kana gudu a buɗe kafin a daidaita. Masu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, nasu ma daban ne, domin ba a yanka musu ƙayyadadden gudu ba, yana hawa yana sauka gwargwadon yawan masu amfani da shi a yankin.

Wai shi awon nan, me yake aunawa takamaimai?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

Idan ka danna maɓallin farawa a manhajar Speedtest ta kamfanin Ookla, abu na farko da take yi shi ne neman wata babbar kwamfuta, wadda ake kira sabar, da ta fi saurin amsa maka. Ga mazaunin Legas, kusan kullum tana cikin garin nan. Sau da yawa ma ta kamfaninka ce, tana zaune a cikin gidansu. Daga nan manhajar ta buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda, ta yi ta jan kaya na 'yan daƙiƙu iya ƙarfin layin, ta ba ka lamba. Lambar gaskiya ce. Sai dai gaskiyar gajeriyar hanya ce, a wannan ɗan lokacin.

Ka ɗauka wani ya auna gudun motarka daga Agege zuwa Ikeja ranar Lahadi da sassafe, titi fayau, ya rubuta maka. Bai yi ƙarya ba. Amma ba da wannan za ka lissafa tafiyar Kano ba, kuma ba da shi za ka lissafa komawa gida ranar Litinin da yamma ta Oshodi ba.

Mu mazauna Legas mun fi kowa ganin irin waɗannan manyan lambobi, kuma da dalili. A bakin tekun nan manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka: MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS a 2012, sai Equiano na Google da ya iso a 2022. A nan kuma cibiyar IXPN take da babban zamanta, inda kamfanonin intanet na ƙasar nan suke haɗuwa su yi musayar kaya kai tsaye, ba sai saƙo ya je Turai ya dawo ba. Ƙari a kan haka, manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Netflix sukan ajiye kwafin abubuwan da aka fi kallo a kwamfutocin da suke cikin ƙasa. Bidiyon wa'azin da rabin Agege suka kalla jiya, ba daga Amurka yake zuwa maka ba, yana nan kusa. Shi ya sa yake buɗewa nan take.

Amma shafin wata jami'a a Ingila, ko wurin cike takardar biza, ko fayil ɗin da abokin cinikinka ya ajiye maka a Sin, waɗannan sai an ƙetare ruwa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal ta kai kimanin kilomita 7,000. Haske a cikin faiba, wato zaren gilashin da yake ɗaukar saƙon, yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa kaɗai ya ci milisakan 70 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), kafin a ƙara tsaye-tsayen hanya. Babu kuɗin da zai rage wannan, halitta ce. Kuma saukewa ta hanya guda ɗaya tilo tana jiran tabbaci daga wancan ɓangaren kafin ta ci gaba, don haka nisa yana rage mata gudu ko da layinka yana da faɗi.

Wanda yake Legas ranar 14 ga Maris 2024 ya ga wannan da idonsa. A ranar ne wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Manhajojin banki suka tsaya, masu POS suka yi cirko-cirko. A irin wannan rana, awon da ya tsaya ga sabar ta cikin gari zai iya nuna maka lamba mai kyau, alhali hanyar waje a toshe take.

Awo ya ce 80, amma da nake sauke fim, 10 kawai na gani. Ina sauran 70 ɗin?

Babu abin da ya ɓace. Ma'auni biyu ne masu kama da juna. Kamfanoni da manhajojin awo suna lissafi da megabit, ana rubuta shi Mbps da ƙaramin b. Wurin saukewa kuma yakan nuna megabait, MB/s da babban B. Bit 8 ne suke yin bait 1. Raba 80 gida 8, ka samu 10. Layinka ya ba ka haƙƙinka cif.

Akwai kuma masu faɗa wa ramin ta ɗaya gefen. Wasu manhajoji suna barin mutum ya canza ma'auni, har zuwa kilobit. Wata Hajiya ta taɓa turo min hoto an rubuta 18,000, tana tambaya ko wayarta ce ta lalace. Kilobit ne, wato 18 Mbps.

Me ya sa allurar take tsalle da farko, sannan ta dawo ƙasa?

Na'urar da take iyakance gudu a wajen kamfani tana aiki kamar tankin ruwa na saman gida. Ruwa yana shiga a hankali da ƙayyadadden ƙarfi, amma idan ba ka buɗe famfo ba na ɗan lokaci, tanki ya cika. Kana buɗewa sai ya zubo da ƙarfi, har abin da ya taru ya ƙare, daga nan sai ka koma samun iya abin da yake shigowa. An tsara shi haka ne don shafuka da ƙananan hotuna su riƙa buɗewa da sauri, kuma abu ne mai amfani. Matsalar kawai ita ce awo gajere ne. Idan tankin babba ne, awon zai iya ƙarewa tun ruwan bai ja baya ba, ya ba ka lambar da layin ba zai iya riƙewa na minti biyar ba. Don gane wannan, sauke babban fayil, ka zauna ka kalli gudun bayan minti ɗaya ko biyu.

Bayan sallar Asuba gudun kamar jirgi, da daddare kuwa sai a hankali. Wanne ne na gaskiya?

Duka biyun. Ba kai kaɗai kake kan layin ba. Ƙarfen sabis guda yana raba ƙarfinsa ga duk wayoyin da suke jingine da shi. Faiba ta gida ma, irin wadda ake kira GPON, zare ɗaya mai ɗaukar kimanin 2.5 Gbps, wato 2,500 Mbps, ake rarraba wa gidaje har 32 ko 64. Kamfani ya san ba kowa ne zai ja a lokaci guda ba, da wannan lissafin yake sayarwa. Da Asuba unguwa tana barci, hanya taka ce. Daga bayan Magariba zuwa sha ɗayan dare kowa ya dawo, yara suna kallo, manya suna kiran gida Arewa.

A Legas abin har yana bin ƙafar mutane. Wuraren ofisoshi na tsibiri suna cika da rana su sake da dare, unguwanninmu kuma akasin haka. Na sha lura ma cewa idan aka ɗauke wuta da dare a layinmu, wanda yake da batir ko sola yakan ga gudunsa ya ɗaga, saboda rautocin maƙwabta da talabijin ɗinsu sun mutu.

Idan za ka yanke wa kamfani hukunci, da lambar ƙarfe tara na dare za ka yanke, tunda a lokacin kake buƙatarsa.

Akwai lambar da za a gani a san cewa lallai awon ne ya rikice?

Akwai. Kowace na'ura tana da rufin da ba ta wucewa. Tsohuwar rauta mai ramin kebul na 100 Mbps ba za ta ba ka fiye da kimanin 94 Mbps ta wannan ramin ba. Mai ramin 1,000 kuma tana tsayawa wajen 940. Idan kana kan ramin 100 ka ga 300, to ko dai ba ta nan kayan suka bi ba, ko awon ya ruɗe.

Abubuwan da suke ruɗa shi sanannu ne. Wasu manhajojin VPN, masu bi da intanet ɗinka ta wata ɓoyayyiyar hanya, suna matse kaya kafin su tura, sai manhajar awo ta ƙirga abin da ta bayar, ba abin da ya bi waya ba. Wasu manhajojin kariya daga cutar kwamfuta sukan karɓe kayan su tara a cikin na'urar, sai awo ya ɗauka an riga an aika. Wannan ya fi bayyana a gudun ɗorawa, inda za ka ga lamba ta ninka ta saukewa a layin da ba haka aka yi shi ba. Kashe su, ka sake gwadawa.

Sai kuma wanda ya shiga saitin waifai ya ga an rubuta 433 ko 866 Mbps, ya ɗauka gudun intanet ɗinsa ke nan. Wannan tsakanin wayarka da rauta ne kawai, daga ɗaki zuwa falo. Ko ka cire kebul ɗin kamfani gaba ɗaya, lambar tana nan.

Gaya min gaskiya, Malam: kamfanoni ba sa yi wa awon nan kwalliya don su rufe mana baki?

A fasahance abu ne mai yiwuwa, na'urorinsu suna iya gane zirga-zirgar awo su ba ta fifiko. Amma ni ba na ɗora wa kowa wannan laifi da lamba ɗaya, domin bayanan da na yi a sama sun isa su haifar da irin wannan sakamako ba tare da wani ya yi maguɗi ba. Abin da nake yi shi ne tambayar shaidu da yawa. Fast.com, wanda Netflix ya buɗe a 2016, yana awo ne da kwamfutocin da suke ba da finafinansa. Awon da yake fitowa a shafin binciken Google kuma na wata cibiyar awo mai suna M-Lab ne, hanya ɗaya yake buɗewa, shi ya sa lambarsa takan fi ƙanƙanta. A cikin Speedtest ɗin ma za ka iya canza sabar da hannunka, ka zaɓi ta wani kamfani a Legas, sannan ta Landan.

Idan sabar kamfaninka ta ba ka 90, ta maƙwabcinsa a nan Legas ta ba ka 85, Landan ta ba ka 50, lafiya lau. Idan kuwa tasu ta ba ka 90, kowa kuma ya ba ka 6, kullum, dare da rana, to ƙofar da suke fita da ita waje ta yi musu kaɗan, kuma kana da bakin magana. Abin da yake ɓata min rai shi ne ma'aikacin da zai zo gidan mutum, ya zaɓi sabar kamfaninsu, ya nuna masa babbar lamba, ya ce matsalar daga wayarsa ce, ya tafi. Ya san abin da ya yi. Dattijon da ya biya kuɗinsa don ya ga fuskar jikokinsa a Kano bai cancanci haka ba.

Za su caje ni kuɗin wannan ƙarin gudun?

Idan tsarinka na wata ne mai ƙayyadadden farashi, gudun da suka sakar maka da kansu ba bashi ba ne. Inda asarar take shi ne wajen masu sayen data da awo. Gudu ba ya cin data shi kaɗai, amma yana buɗe mata ƙofa. YouTube da ire-irensa suna ɗaga ingancin hoto da kansu idan suka ga hanya a buɗe, sai bidiyon da ka saba kallo ya ci ninkin abin da yake ci.

Shi kansa awon ma ba kyauta ba ne. Yi lissafi: gudun 200 Mbps na daƙiƙa 10 ya kwashe megabait 250, ban da ɓangaren ɗorawa. Ka yi sau huɗu don nuna wa abokai a teburin mai shayi, gigabait guda ya tafi. Tun da hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu tsarin da ake cewa ba iyaka su ma su karanta sharaɗinsa, yawanci akwai adadin da in an kai shi ake rage gudu har wata ya ƙare.

Lambar tana da kyau, amma kiran bidiyo da ɗana da yake Madina sai tsinkewa yake yi.

Hajiya, kiran bidiyo ba faɗin hanya yake nema ba, 'yan megabit kaɗan sun ishe shi. Abin da yake so shi ne saƙo ya riƙa isa a kan kari ba tare da tangarɗa ba. A fuskar awon akwai wata ƙaramar lamba da aka rubuta wa Ping, ita ce jinkirin zuwa da dawowa. Manhajar Speedtest tana nuna ta lokacin da layi yake hutawa, da kuma lokacin da ake jan kaya. Idan ta farko 15 ce, ta biyu kuma ta haura ɗaruruwa, to duk sa'ad da wani a gidan ya fara sauke abu ko wayarsa ta fara kwashe hotuna zuwa ma'ajiya, muryarki sai ta shiga layi a bayansu. Ki matso kusa da rauta, a dakatar da masu saukewa har ki gama, in da hali kuma a sa wanda ya iya ya saita rautar ta riƙa ba kira fifiko. Ki tuna kuma, rabin hanyar tana wajen ɗan naki, nasa layin ma yana iya zama mai laifin.

To yaya zan yi awon da zan dogara da shi?

Sa kebul tsakanin kwamfuta da rauta in kana da shi. In waya ce, kashe datarta da VPN, ka tsaya kusa da rauta, a kan zangon 5 GHz, wanda ba shi da alaƙa da 5G sai kamar suna. Roƙi mutanen gida su ɗaga maka ƙafa na minti biyu. Auna da safe, da rana, da ƙarfe tara na dare, kwana uku a jere, da sabar gida da ta waje, kana ajiye hoton kowane sakamako da lokacinsa. Da wannan za ka tunkari kamfani. In sun ƙi sauraronka bayan ka kai musu ƙorafi, NCC tana da layin kyauta na masu amfani da sadarwa, 622.

Tunda gudun ya fi abin da na saya, in koma ƙaramin tsari in rage kashe kuɗi?

Kada ka yi gaggawa da sakamakon mako ɗaya, musamman in sabon haɗi ne, domin in garaɓasa ce ko iyakar da ba a ɗora ba, za ta janye. Bari wata ya zagayo, ka ga lambar dare. Sannan ka ƙirga buƙatar gidanka. Netflix da kansa 5 Mbps yake nema don hoto mai kyau, 15 don mafi inganci. Gidan da mutum huɗu suke kallo a wayoyinsu, layi mai 20 zuwa 30 da yake tsaye da daddare ya ɗauke su. Shagon da POS da WhatsApp ne aikinsa bai kai haka buƙata ba. Shi Alhajin mai atamfa bai canza tsari ba. Mun sauko da rautar daga bayan bandirai, mun kafa ta a jikin bango kusa da ƙofa, muka kashe saitin da yake mayar da wayarsa kan data. Yanzu 21 take nuna masa daga kan bencinsa.